Shekarar da Suka Yi Musayar Ɗaki

Minti arba'in kacal suka samu, su ma a tsaye, a gefen wani benci a filin jirgi. Jirgin da ya sauke shi shi ne zai ɗauke ta.

Haka tsarin yake a wancan lokacin. Ɗalibi ya tafi wata ƙasa ya yi shekara guda a gidan wani ɗalibi, wancan kuma ya zo ya zauna a nasa gidan, ya kwana a ɗakinsa, ya hau kujerarsa ta aji. Ofishin musayar ya haɗa gidajen nan biyu ne don addininsu ɗaya, kuma kowane gida ɗa guda gare shi. Abin da masu ofishin ba su duba ba shi ne ɗaya mace ce, ɗaya namiji. Kafin a farga takardu sun fita. Tunda dai ba za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya ba ko sau guda, sai iyayen suka ce a bar shi haka.

Shekarunta sha bakwai. Tilo ake ce mata, don ita kaɗai mahaifiyarta ta bari kafin ta rasu. Babanta mai gyaran keken ɗinki ne, shi da yayarsa Gwaggo suka rene ta, su ne kuma suka rako ta ranar.

Sai ga yaron ya fito yana jan akwati, sanye da wata ƙatuwar rigar sanyi, gumi na bin wuyansa. Baba ya ɗaga kai ya dube shi, ya ƙara ɗagawa.

"Wannan dogon ne zai kwanta a gadonki? Ai ƙafafunsa za su leƙo waje su gaida maƙwabta."

Daga ranar ya zama Dogo, har sunansa na gaskiya ya ɓace a unguwar.

An umarci kowannensu ya rubuto wa ɗan'uwansa bayanin gidansu. Tilo ta miƙa masa ambulan mai shafi bakwai. Shi kuwa ya laluba aljihu ya ciro wata 'yar takarda a naɗe. Ta buɗe ta karanta, da harshen makaranta da dukansu suka koya:

"Tagar ɗakina sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Mama ba ta faɗa, amma idan ta yi shiru tana goge tebur, to akwai magana. Kada ki ce kin ƙoshi a faranti na farko. Bas mai lamba tara ba ta jiran kowa."

Ta juya bayan takardar, babu komai.

"Shi ke nan gidan naku?"

"Sauran za ki gani da idonki," ya ce, yana sosa ƙeya.

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata. Shi ma ya yi, kuma a nan ne ya lura idan tana dariya takan rufe baki da bayan hannu. Aka kira jirginta. Ta rungume Gwaggo, ta durƙusa wa Baba, sannan ta matso kusa da Dogo ta rage murya.

"Ka kula mini da Baba. Ba ya faɗin abin da ke damunsa."

"Zan kula," ya ce. Bai san nauyin abin da ya ɗauka ba.

Watannin farko ba su yi wa Tilo daɗi ba. Rana ta faɗi tun ba a tashi daga makaranta ba, sanyi ya shiga har cikin haƙori, 'yan aji su yi raha a yi ta dariya, ita sai ta gama fassarawa a ranta sannan ta gane, lokacin kowa ya wuce wurin. Mahaifin Dogo ma'aikacin jirgin ruwa ne, rabin shekara yana teku, don haka daga ita sai Mama a gidan. Mama nas ce, mace mai ƙarancin magana, hannunta kullum da ƙanshin sabulun asibiti.

Ɗakin Dogo ne ya fara zama mata aboki. Akwai zanen biro a jikin ƙofa inda ake auna tsayinsa tun yana ƙarami. Akwai rediyo da ya kwance bai mayar ba, da safa ƙafa ɗaya a bayan kabad. Tun kafin ta san shi, ta san shi mutum ne mai fara abu da zafi ya manta inda ya ajiye.

Saƙonta na farko na neman taimako ne.

"Ɗan haya, ina ake kunna abin ɗumama ɗakin nan? Na kusa zama ƙanƙara."

"Bayan labule, ki murɗa hagu. 'Yar haya, ni kuma fankarki ta kan tebur tana kuka kamar za ta tashi da rufin. Haka take?"

"Haka take. Ka sa littafi a ƙarƙashinta. Ba na lissafi ba, ina sonsa."

Safiyarta ita ce hantsinsa, don haka saƙonsa yakan same ta a tashar bas, nata kuma ya same shi lokacin tara a makaranta. Tun suna tambayar makunni da mabuɗi, har suka koma koya wa juna iyaye. Ita ta gaya masa idan Baba ya fara fito yana aiki, to a ba shi wuri. Shi ya gaya mata idan Mama ta dawo daga aiki ta zauna ba ta cire takalmi ba, ranar an rasa wani a hannunta, kada a tambaye ta, a dai haɗa mata shayi a zauna kusa.

Tilo ta gwada. Mama ta sha shayin, ta daɗe tana kallonta, sannan ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa. Daga ranar ta daina kiranta da suna, sai "'yata".

Shi kuwa Dogo, ya samu wurin zama a shagon Baba. Ɗaki ne ƙarami a bakin titi, kekuna jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda a ɗaure da sunan mai shi, ga gwangwanaye cike da ƙusoshi da allurai, ga warin man keke da ba ya fita a tufa. Yaron da ya saba kwance rediyo ya ga aljannar duniya. A nan ya koyi harshensu, kuma tunda a bakin dattijo ya koya, sai ya tashi yana magana kamar ɗan shekara sittin. Ranar da ya ce wa Gwaggo, "Yaran zamani sai haƙuri," sai da ta zauna a ƙasa don dariya.

A wata na huɗu ya fara lura. Baba ba ya duban ƙusa, lalubarta yake yi. Kullum sai ya ce, "Zo ka zura zaren nan, don ka koya," alhali Dogo ya daɗe da iyawa. Rannan ya ɗiga mai a gefen keke, ya malale a kan tebur, bai gani ba. Da yamma kuma ya buga kafaɗa da ƙofar da ya shekara ashirin yana shiga.

Dogo ya matsa har suka je asibiti. Likita ta duba ta ce ciwon ya daɗe yana cin idon a ɓoye. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a tsare sauran.

A hanyar dawowa Baba ya tsaya ya kama hannunsa.

"Dogo, kai ɗana ne ko?"

"Ni ɗanka ne, Baba."

"To kada Tilo ta ji. Idan ta ji, gobe za ta hau jirgi. Yarinyar nan shekara biyu tana karatu don ta samu tafiyar nan. Dawowarta ba za ta dawo mini da ido ba. Ka yi mini alkawari."

Ya tuna maganarta a filin jirgi. Ga alkawari a can, ga wani ana nema a nan, shi kuma shekarunsa sha bakwai. Ya ce, "Na yi."

Washegari saƙonta ya shigo.

"Ɗan haya, Baba lafiya kuwa? Jiya na ji muryarsa ta yi sanyi."

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Daga ƙarshe ya tura:

"Yana nan yana mini faɗa wai na sa allura a karkace. Ki yi karatunki, 'yar haya."

Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, amma ya san abin da ya yi.

Sauran shekarar ita ce wadda Tilo take tunawa har yau idan ta ji ƙanshin ruwan sama a kan kwalta. Sanyi ya wuce, itatuwan layinsu suka yi fure, ta fara gane raha tun kafin a gama ta. Ta yi ƙawaye, ta shiga gasar muhawara ta zo ta biyu, ta koyi tuƙa keken Dogo duk da ƙafarta da ƙyar take kai wa feda. Ranar hutun Mama sukan tafi bakin kogi su zauna da burodi da shayi a filas, Mama na ba ta labarin ɓarnar da Dogo ya yi yana yaro. Duk abin da ta gani mai kyau, shi take fara turawa.

"Yau na ga makarantarka ta firamare. Mama ta nuna mini bishiyar da ka faɗo. Ba ta ma da tsayi, ɗan haya, kunya dai."

"Lokacin ni ma ba ni da tsayi. Na ga hotonki na aji uku a ƙasan akwatin Gwaggo, babu haƙoran gaba. Mu yi sulhu kawai."

Wata rana kuma ya turo:

"Abin mamaki, na san inda kike ajiye fensir, na san waƙar da kike yi idan kina wanke-wanke don Gwaggo ta kwaikwaya mini. Amma minti arba'in kawai na taɓa ganinki. Ina so in ƙara."

Ta karanta a tashar bas, ta sake karantawa, har bas mai lamba tara ta zo ta wuce ta. Amsarta gajeriya ce:

"Ni ma."

A can kuwa, Dogo ya zama idon Baba. Kullum bayan makaranta shi ke saita allura, shi ke duba ƙananan ƙusoshi, shi ke ɗiga masa magani safe da yamma. Teloli ba su taɓa sanin komai ba.

Shekara ta cika. Aka koma filin jirgin nan, benci ɗaya, jirgin da zai sauke ta shi zai ɗauke shi. Tilo ta fito da gudu-gudu, da kyautar da ta kwana uku tana naɗewa. Sai ta hango su. Baba na tsaye da baƙin tabarau, hannunsa a kafaɗar Dogo. Ta ɗaga hannu tana murmushi, Baba bai ɗaga ba. Sai da Dogo ya sunkuya ya yi masa raɗa, sannan ya juyo, shi ma ba daidai inda take ba.

Ta ƙaraso a hankali.

"Baba, me ya samu idonka?"

"Tsufa ne, uwata. Zo in ji ki."

Ta juya ga Dogo. "Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Wata takwas."

"Wata takwas! Ina can ina turo maka hoton fure, kana amsa mini da dariya? Abu ɗaya na roƙe ka, ɗaya tak!"

"Ni na hana shi," in ji Baba.

Ba ta ko ji ba. Hawaye take yi, kyautar na hannunta. Aka kira jirgin Dogo. Ya durƙusa wa Baba da Gwaggo, Gwaggo na ta sharɓe, ya tsaya gaban Tilo ko za ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Haka minti arba'in na biyu suka ƙare.

Ya turo saƙo daga can, ya sake turowa. "Ki yafe mini. Na rasa wanda zan saɓa wa a cikinku." Ta karanta ta kife wayar.

Gaskiyar magana, Tilo akwai riƙo. Wannan a wurin Baba ta gado, ko da yake duk su biyun sun musanta. Kuma rabin fushin da kanta take yi, don ta san a wata takwas ɗin nan ne ta fi jin daɗin duniya. An ba ta gurbin komawa can ta yi jami'a, ta ƙi. Ta shiga kwalejin koyon malanta a garinsu, da yamma kuma ta zauna a kujerar da Dogo ya bari a shago, ta koyi saita allura.

Shi kuwa bai fasa kiran Baba ba, duk ƙarshen mako. Tana jin su daga kicin suna hira suna ƙyaƙyata dariya, sai ta ƙara ƙarfin famfo. Da Mama kuma ita ma ba ta yanke ba, amma duk lokacin da Mama ta ce, "Ga shi nan kusa," sai Tilo ta ce ana kiranta.

Ana haka mai kemis ɗin layinsu, wanda suke sayen maganin ido a wurinsa, ya fara kawo maganin da kansa har gida. Mutumin kirki ne, mai tsafta, takalminsa kullum na sheƙi. Gwaggo ta ɗauki maganarsa ta ɗora a kai.

"Ke, ga mutum a bakin ƙofa, taku ashirin tsakaninsa da ubanki. Me kike jira? Wanda ke bayan teku, da ba ki ko gaishe shi?"

"Gwaggo, ni ba na jiran kowa."

"To wa kike kashe famfo ki saurara idan ya kira?"

Mai kemis ya yi zarya wata shida, ya gane ana karɓarsa ne da ladabi kawai, ya janye da mutuncinsa.

Abin da ya karya shirun wani tsohon keke ne da wata tela ta kawo, mai tsinke zare ta ƙasa. Tilo ta kwana biyu a kansa, ta canza allura, ta wanke gidan zare, a banza. Baba ya shafa keken da hannu ya ce, "Wannan ai na san shi. Dogo ne ya gyara shi wancan karon. Ni na manta yadda ya yi." Ko ya manta ɗin ko bai manta ba, Allah ne masani.

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta rubuta:

"Ɗan haya, baƙin keken nan mai tsinke zare ta ƙasa, me ka yi masa?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba.

"Akwai 'yar tsaga a bakin ƙugiyar da ke ɗauko zare, ido ba ya gani, sai ki shafa da farce. Ki goge ta a hankali."

Sai wani ya biyo baya.

"Shekara biyu da wata uku ina addu'a keken nan ya lalace."

Ta yi dariya, ta yi kuka, duk a kan keken mutane. Da ta natsu ta rubuta masa:

"Da ka gaya mini, da na dawo, kuma da ban san Mama ba yadda na san ta. Na daɗe da gane haka, girman kai ne ya hana ni faɗa. Na gode da ka zama idonsa. Ka yafe mini."

"Ban taɓa riƙe ki ba, 'yar hayata. Ke ce dai kika riƙe mini zuciya, ba ki mayar ba."

Shekara huɗu suka ƙara, ita ta zama malamar makaranta, shi ya gama karatun injiniya. Sannan ya zo, ba a matsayin ɗan musaya ba. Ya ƙara faɗi, ya tara gemu, amma da ya shigo shagon sai da ya buga kai a ƙofa kamar da. A karon farko suka zauna suka ga juna babu mai kiran jirgi. Duk surutun waya ya gudu, sai murmushi da kallon ƙasa.

Ya zo da shirinsa a kammale. Ya san Tilo ba za ta bar Baba ba, don a lokacin idon saura kaɗan. Saboda haka ya nemi aiki a wata masana'anta a garin su Tilo, an kuma ba shi wata guda ya ba da amsa. Ya durƙusa gaban Baba ya faɗi abin da ke tafe da shi. Gwaggo har ta fara gyara murya don murna.

Baba ya ce, "A'a."

Dogo ya ɗago kai.

"Baba, laifin me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Da a layin nan aka haife ka, da ni zan bi ka da ita. Amma ku nawa ne a wurin uwarka?"

"Ni kaɗai."

"Ubanka kuma rabin shekara yana teku. Dogo, ni na ɗanɗana. Shekara guda na yi ina jin motsi a ɗakin yarinyar nan in ɗauka ita ce. Shekara guda tak, kuma na san ranar dawowarta. Kai kana so in ɗora wa matar nan wannan har ƙarshen ranta, don ni in ji daɗi? Matar da ta riƙe mini 'ya kamar ta cikinta? Ba da ni ba."

"Ai Mama ta amince, Baba."

"Uwa da baki take cewa to. Ni ma to na ce a filin jirgi."

Suka yi lallashi, Gwaggo ta yi faɗa, ta tuna masa ita ce babba. Baba ya kafe. Ya ce idan Tilo za ta bi shi can, ya yarda yau. Tilo ta ce ba inda za ta ta bar shi yana laluben ƙofa, kuma ba za ta yi aure ba da yardarsa ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, saura mako guda wa'adin aikin ya cika, Dogo ya fara duba ranar jirgi.

Tilo ta kira Mama, da niyyar gaisuwa kawai. Tana jin "'yata" sai ta zayyane mata komai. Mama ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, tasi ta tsaya a ƙofar shago. Mama ce ta fito da 'yar jaka ɗaya, gashinta ya fara fari. Ita da Baba sun reni 'ya'yan juna, sun shekara bakwai suna aika gaisuwa, amma ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar.

Aka ba ta kujera tsakanin kekuna. Ba ta jin harshensu, Baba ba ya jin nata, don haka Tilo ta tsaya tsakiya tana fassara. Bayan gaisuwa Mama ta fara magana a nutse. Tilo ta fassara jimla biyu, sai ta tsaya, ta ce, "Wai... ta ce na ɗan sha wahala da farko."

Baba ya karkata kai. "Maganarta ta fi haka tsawo. Dogo, karɓi fassarar nan, wannan ragewa take yi."

Dogo ya karɓa, yana satar kallon Tilo.

"Ta ce, Baban Tilo, akwai abin da na ɓoye maka. Sau uku 'yarka ta haɗa akwati za ta gudo gida. Ta rame, ba ta ci, ba ta barci. Ofis sun ce in sanar da kai, na ƙi, don na san za ka ce a dawo da ita, ni kuma na ga yarinyar za ta iya. Kai ka ɓoye mata idonka, ni na ɓoye maka hawayenta. Duk mun iya yanke wa mutane hukunci ba mu tambaye su ba."

Baba ya ɗora hannu a kan wani keke.

"Ta ce, yanzu ma haka ka yi mini. Ka auna mini kewa, ka yanke cewa ba zan iya ba, ba ka tambaye ni ba. To ga ni na zo, tambaye ni."

Baba ya gyara zama. Muryarsa ta yi ƙasa. "Maman Dogo, za ki iya?"

Mama ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta amsa. Dogo ya fara fassarawa ya kasa, sai Tilo ta ƙarasa, wannan karon ba ta rage komai ba.

"Ta ce zai yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Zan shiga ɗakinsa in zauna. Amma shekara biyu na yi da shi a gida yana kallon waya kamar marar lafiya, wannan ya fi mini ciwo. Ni ina da ido, ina da ƙafa, zan hau jirgi in zo in gan su. Kai ba za ka iya ba. Wancan karon aro na ba ka, ka mayar mini da shi ya fi yadda na ba ka. Wannan karon ba aro na kawo ba. Na ba ka shi."

Baba ya cire tabarau ya share fuska da hannun riga. Gwaggo kuwa tuni ta jiƙa gefen mayafinta.

"Dogo," ya ce, "gaya mata ta fi ni. Kuma gaya mata ɗakin Tilo nata ne, duk ranar da ta ga dama, ba sai ta yi sallama ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mahaifin ango ya sauko daga teku ya zo, mutum mai fara'a, dogo kamar ɗansa. Rigima ɗaya aka yi a bikin, ita ma ta wurin zama. Baba ya ce shi uban ango ne, a ɓangaren ango zai zauna, don yaron a shagonsa ya zama mutum. Mama kuma ta tare a ɗakin amarya ta ce ita uwar amarya ce, kowa ya yi abin da zai yi. Gwaggo ta yi ta zirga-zirga tana cewa ita ba ta taɓa ganin biki irin wannan ba, an rasa wa ke bayarwa, wa ke karɓa.

Da la'asar, da jama'a suka ragu, aka kawo su gaban Baba. Ya laluba ya kama hannun Tilo, ya kama na Dogo, ya haɗa su cikin nasa tafukan masu kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya sa ku tsufa tare. Abin da ya dame ku, ku faɗa wa juna, kada ku yi koyi da mu." Ya ɗan tsaya, ya juya fuska wajen da yake jin numfashin Mama. "Kuma Allah ya ba ku 'ya'ya da yawa. Kada ku tsaya a ɗaya. Ku haifa da yawa, don idan wani ya yi nisa, a samu mai amsa sallama a gida."

Tilo ta juya za ta fassara, Mama ta dafa hannunta ta girgiza kai. Hawaye na bin kumatunta, ta ɗaga tafukanta sama, ta faɗi kalmar da ba ta buƙatar tafinta.

"Amin."